Na Gama Albam, Waƙa Ta Fita Daga Raina

Assalamu alaikum Malam. Ni mawaƙi ne, ina kuma taɓa fiyano. Kusan shekara biyu na yi ina aikin albam ɗina na farko, mai waƙa 12. Duk abin da na samu a kansa na zuba, barci ma sai wanda ya sace ni. Wata uku ke nan da fitowarsa, kuma alhamdu lillahi jama'a sun karɓe shi. Amma tun ranar da na miƙa aikin wani abu ya mutu a cikina. In na zauna gaban fiyano sai jikina ya yi nauyi. In na rubuta baiti ɗaya sai in ga bai kama ƙafar na baya ba, in yaga takardar. Waƙoƙin albam ɗin ma ba na son jin su, in an kunna sai in bar wurin. Furodusana yana ta kira wai da zafi-zafi ake dukan ƙarfe, masoya kuma suna tambayar yaushe sabo zai fito. Ni kuwa har na fara tunanin sayar da kayan aikina. Malam, baiwar ce ta ƙare? Ko dama iyakar abin da ke cikina ke nan na juye?

Wa alaikumus salam, ƙanena.

Barka da kammala aiki. Na fara da wannan ne domin a wasiƙarka rabin layi ka ba fitowar albam ɗin, ka wuce zuwa damuwa. Waƙa 12 da aka rubuta, aka ɗauki murya, aka tace sauti, aka fitar wa duniya, ba ƙaramin abu ba ne. Mawaƙa da yawa sun tsufa da rabin waƙoƙi a cikin waya, ba su taɓa kai ko ɗaya ƙarshe ba. Kai ka kai.

Amsar tambayarka kuwa ita ce a'a, baiwar ba ta ƙare ba. Kuma kada ka sayar da komai. In shekara ta zagayo ka ga har yanzu ba ka son kayan, suna nan, ka sayar cikin natsuwa. Yanzu gajiya ce ke son yanke maka hukunci, ita kuwa ba a ba ta wannan matsayin.

Ka tuna yadda safiyarka take lokacin da kake tsakiyar aikin. Ba ka taɓa tashi kana tambayar kanka ko kana da sha'awar waƙa yau ba. Tambaya ce ke tashin ka: amshin waƙa ta bakwai bai zauna ba, ganga ta danne murya a ta uku, baitin ƙarshe na ta tara yana da gaɓa ɗaya da ta yi yawa, ga lokacin situdiyo da aka riga aka kama. Aikin ne ke kiran ka da sunanka kullum, kai kuma kana amsawa, har ka ɗauka wannan kiran daga cikin jininka yake fitowa. Ranar da ka miƙa albam ɗin duk tambayoyin suka ƙare a lokaci guda. Abin da ka ji ya mutu ke nan. Hannunka da kunnenka da muryarka suna nan yadda suke, mai aiken su ne ya tafi.

Masu binciken ƙwaƙwalwa sun ga wani abu da ya yi daidai da wannan. Wani masani mai suna Wolfram Schultz ya yi shekaru yana auna abin da ke faruwa a ƙwaƙwalwar birai idan an ba su lada, kuma a 1997 shi da abokan aikinsa biyu suka wallafa bayanin da ya yi suna. Ƙwayoyin da ke aiki da sinadarin dofamin, wanda ke da hannu wajen zaburar da mai rai ya nemi abu, suna motsawa da ƙarfi idan lada ya zo wa biri ba zato. Da birin ya koyi cewa wata alama, haske ko ƙara, ita ke gabatar ladan, sai motsin ya koma kan alamar. Lokacin da ladan ya iso kamar yadda aka zata, ƙwayoyin ba sa ƙara komai. Mutum ya fi biri zurfi nesa ba kusa ba, amma wannan ɓangaren mun san shi a jikinmu: zumuɗin yana cikin hange da nema, ranar samu kuwa takan zo shiru. Michael Phelps, ɗan ninƙayar Amurka da ya ci lambobin Olamfik 28, 23 daga ciki na zinare, ya faɗa da bakinsa cewa bayan kowace gasar Olamfik yakan faɗa cikin ƙunci, kuma na bayan gasar 2012 ya kai shi wuri mai hatsari. Wanda ya ci ne ke faɗin haka, ba wanda ya faɗi ba. Don haka karɓuwar albam ɗinka ba ta sa abin da kake ji ya zama rashin godiya.

Ƙin jin waƙoƙin kuwa kada ya dame ka ko kaɗan. Ka saurari kowace ɗaya sau ɗaruruwa wajen haɗa sauti, kana farautar kuskure. Kunnenka ya saba da farauta, shi ya sa inda mai sauraro ke jin waƙa kai numfashin da ka ja ba daidai ba kake ji. Wannan yana wucewa da kansa in ka daina tilasta wa kanka.

Inda nake so mu daɗe shi ne maganar yaga takarda, domin a ganina nan ne ainihin ciwon yake. Ka ce baitin da kake rubutawa bai kama ƙafar na baya ba. Da wane na baya kake auna shi? Da wanda ke cikin albam, wanda aka gyara sau ba adadi, aka sauya masa kalmomi, aka ɗauki muryarsa har sai da ta yi, aka jera masa muryoyin amshi, aka zuba masa kiɗa, injiniya ya goge shi ya yi sheƙi. Jariri ɗan kwana ɗaya kake tsayarwa kusa da saurayi, kana cewa jaririn bai iya tafiya ba. Babu sabon baitin da zai tsira daga irin wannan awon, ko na wane ne.

Ga abin da nake so ka yi a wannan makon. Ka shiga wayarka ko kwamfutarka ka nemo ɗaukar farko ta waƙar da mutane suka fi so a albam ɗin, wadda ka rera da daddare kai kaɗai kafin kowa ya ji, murya a dishe, rabin kalmomin “la la la” ne saboda ba ka samo su ba tukuna. Ka saurare ta har ƙarshe. Ina da yaƙinin za ka tarar da abu mara fasali, wanda da yau ka yi shi da ka goge nan take. Wancan lokacin ba ka goge ba, saboda ba ka da albam ɗin da za ka auna shi da shi, kuma babu mai jiran ka. Ka bar shi ya rayu, ya girma, ya zama waƙar da ake yabo yanzu. Baitocin da ka yaga cikin wata ukun nan irin waccan ɗaukar ce. Daga yau ka daina yagawa. Ka samu littafi ɗaya ko jaka ɗaya a kwamfuta ka riƙa zuba komai, mai kyau da mara kyau, ba tare da ka koma ka duba ba sai bayan wata guda. Ranar rubutu daban, ranar hukunci daban, kuma wanda ya haɗa su a zama ɗaya hukuncin ne ke cinye rubutun.

Akwai wani abu kuma da ba ka lura da shi ba. Shekara biyu a situdiyo sun wasa kunnenka. Yau kana jin kurakuran da a da suke wuce ka. Wannan ci gaba ne, sai dai yana da ciwo, domin kunne yakan riga hannu yin gaba, hannun ya biyo daga baya. Tazarar da ke tsakaninsu ce kake ji kamar baiwa ta gudu.

Ina jin tsoron wannan halin ne saboda ya taɓa cinye manya. Jean Sibelius, babban mai tsara kiɗa na ƙasar Finland, ya kammala simfoninsa na bakwai, wato dogon kiɗan da taron makaɗa ke yi, a 1924, ya fitar da babban aikinsa na ƙarshe a 1926. Duniya ta zauna jiran na takwas. Ya yi shekaru yana aikinsa, yana yi wa masu jira alkawari yana ɗagawa, yana ƙara tsananta wa kansa, daga ƙarshe a shekarun 1940 ya jefa takardun a wuta. Ya mutu a 1957, bayan shekara 30 ba tare da wani babban sabon aiki ba. Ba rashin iyawa ya hana shi ba, ya ɗora wa aikin gaba nauyin ya fi duk na baya. Ka dubi Johannes Brahms na Jamus kuma. Kusan shekara 20 ya kwashe yana fama da simfoninsa na farko, yana jin nauyin sunan Beethoven, shahararren mai tsara kiɗan da ya gabace shi, a kansa, sai a 1876 aka fara jin sa. Na biyun kuwa a bazarar 1877 kaɗai ya rubuta shi, yana hutu a bakin wani tafki a Ostiriya, kuma ya fito da sauƙi da fara'a, bai ɗauko nauyin na farkon ba. Bai nemi ya kayar da aikinsa na baya a fagensa ba, wani fage ya koma. Ina so ka riƙe wannan: aikinka na gaba ba sai ya fi albam ɗin girma ba. Yana iya zama waƙa ɗaya, murya da fiyano kawai.

Amma kafin aikin gaba akwai hutu, kuma ba ka yi shi ba. Za ka ce ai wata uku ba ka yi komai ba. Wata uku ka yi kana zama gaban fiyano kana zargin kanka, kana tashi da nauyin zuciya, kana duba waya ka ga mutum nawa suka saurara. Wannan ya fi aiki gajiyarwa. Hutu na gaskiya shi ne wanda kai ka yanke, ka sa masa ranar farawa da ranar ƙarewa. Ka rufe fiyanon na mako biyu ko uku da niyya, ka rubuta ranar da za ka buɗe shi, tsakanin nan kuma ba ka bin kanka bashin ko baiti ɗaya. Ka rama barcin da ka ce sai wanda ya sace ka, domin rashin barci na tsawon lokaci shi kaɗai ya isa ya dusashe wa mutum jin daɗin komai. Ka huta wa kunnenka daga abin sauraro na kunne da ƙarar situdiyo. Ka yi tafiyar ƙafa. Ka nemi mutanen da ka yi wa nisa saboda aiki, iyaye da 'yan'uwa da abokan da ba ruwansu da waƙa, ka zauna ka ji labarinsu. Waƙoƙin nan 12 daga rayuwar da ka yi kafin ka shiga situdiyo ka ɗebo su. Shekara biyu kana ɗiba ba ka zubawa, to dole sai ka sake rayuwa kafin ka samu abin faɗa.

Ka kuma rage leƙen alƙaluman masu sauraro. Sau ɗaya a mako ya isa, ko ka bar wa furodusan ya riƙa gaya maka.

In ranar da ka sa ta zo, ka buɗe fiyanon ko kana so ko ba ka so. A nan ne mutane da yawa ke kuskure, suna jiran sha'awa ta dawo kafin su taɓa kayan kiɗa, alhali sau da yawa ita ce ke biyo hannu a baya. Sai dai ba rubuta waƙa za ka zauna yi ba. A 1959 Sonny Rollins, mai busa saksofon na Amurka, yana tsakiyar tashe ya janye daga fage da ɗaukar faifai, domin bai gamsu da busarsa ba. Gidansa a New York ba shi da sararin atisaye ba tare da ya dami maƙwabta ba, sai ya riƙa hawa gadar Williamsburg yana busa shi kaɗai, sa'o'i masu yawa a rana, cikin zafi da sanyi. Ya yi sama da shekara biyu a haka, ya dawo a ƙarshen 1961, ya fitar da sabon faifai a 1962. Ba ina cewa ka ɓace shekara biyu ba, kuma ba ina cewa ka yi sa'o'insa ba. Abin da nake so ka gani shi ne inda ya koma lokacin da ya ji babu daɗi: wurin kayan kiɗansa, a inda babu mai tafi, babu mai ɗauka, babu mai saye.

Kai minti 20 ko 30 ya ishe ka, a lokaci ɗaya kullum, waya a kashe, ba ɗauka, ba sakawa a intanet. Ka ɗauko waƙar wani da ta sa ka fara son waƙa kana yaro, ka koye ta da kunne, ka gano dalilin da ya sa amshinta ke kama zuciya. Ka yi atisaye a maɓallan da yatsunka ke gudu. In akwai kayan kiɗan da ba ka iya ba, jita ko ganga ko sarewa, ka ara ka fara daga tushe, domin a nan babu sunan da za ka kare, kuma daɗin zama ɗan koyo yana da nasa magani. In lokacin ya cika ka tashi, ko da kana jin daɗi. Musamman ma in kana jin daɗi, saboda ragowar ce za ta dawo da kai gobe.

Wani abu da ba ka ambata ba amma ina zargin yana ciki shi ne kewa. Aikin albam ba na mutum ɗaya ba ne. Akwai furodusa, akwai injiniya, akwai 'yan amshi da makaɗa, ana gardama, ana dariya, ana kwana tare kan layi ɗaya. Aiki ya ƙare, kowa ya watse, ka koma ɗaki kai kaɗai. Wani ɓangare na abin da kake kira mutuwar sha'awa rashin waɗannan mutanen ne. Maganinsa mai sauƙi ne: ka shiga aikin wani. Ka buga wa wani mawaƙi fiyano, ka yi masa amshi, ka taya ƙaramin da ke tasowa gyara baitinsa. Nauyin ba a kanka yake ba, amma kana cikin kiɗa, kuma za ka ga da idonka cewa abin da ka sani bai je ko'ina ba.

Furodusanka ba mugu ba ne, kuma maganarsa tana da ƙamshin gaskiya. Waƙa sana'a ce, shi ma da ita yake ci, kuma hankalin jama'a ba ya daɗewa a wuri ɗaya. Amma ƙarfen da ke da zafi yanzu albam ɗin da ka fitar ne. Wata uku ba komai ba ne a rayuwar albam, kuma da yawa daga cikin waɗanda za su so shi ba su ma ji shi ba tukuna. Akwai wasa a gaban jama'a, akwai bidiyo ga waƙoƙin da ba su samu ba, akwai sake rera ɗaya ko biyu da fiyano kaɗai. Duk wannan aiki ne da ke riƙe sunanka ba tare da ya nemi sabon baiti daga gare ka ba, kuma rera waƙa a gaban mutanen da ke amsa maka ita yakan sasanta mawaƙi da waƙar da ya gaji da ita. Ka zauna da shi ido da ido, ba ta waya ba, ka gaya masa halin da kake ciki, ku tsara abin da za a yi da wanda ke hannu. Abu ɗaya nake roƙon ka: kada ka sa hannu a wata yarjejeniya ko ka sanar da ranar fitar sabon aiki don kawai a daina damun ka. Ranar da aka sanar cikin matsi takan koma bulala.

Saura magana ɗaya mai nauyi, kuma ina so ka amsa wa kanka ita da gaskiya. Waƙa kaɗai ce ta fita daga ranka, ko komai ne? In har yanzu kana jin daɗin hira da abokai, kana dariya, kana barci, kana cin abinci kamar da, to abin da muka tattauna ne, kuma zai saki. In kuwa duhun ya rufe komai, kusan kullum, yawancin yini, har mako biyu ko fiye, barci ya lalace ko ya yi yawa, cin abinci ya sauya, kana jin ba ka da amfani, to wannan alamun ciwon damuwa ne, kuma ciwo ne da likita ke dubawa kamar kowane ciwo. Sergei Rachmaninoff na Rasha ya kusan shekara uku bai iya rubuta wani abin kirki ba bayan an yi watsi da simfoninsa na farko a 1897. A 1900 ya fara ganin wani likita, Nikolai Dahl, kuma a 1901 ya kammala aikin fiyano da har yau yana cikin waɗanda aka fi sanin sa da su, ya sadaukar da shi ga likitan. Zuwa wurin likita bai rage masa komai ba. In kuma tunanin cutar da kanka ya taɓa gifta maka, kada ka jira mako biyu, kada ka jira amsata, ka gaya wa wani na kusa da kai yau ɗin nan ku tafi asibiti tare.

Masoya masu tambayar yaushe sabo zai fito, ƙauna ce ta sa su, kuma ba sa bin ka bashin rana ko wata. Ka gode musu, ka ce kana hutawa kana kuma koyon sababbin abubuwa, in ya nuna za su ji. Ka tambaye su wace waƙa ce a albam ɗin ta fi zama musu a rai, da dalili, ka saurari amsar da kyau, domin za su gaya maka abubuwan da kai ba ka iya ji a cikinta yanzu. Bayan ka yi hutun ka kuma yi wata guda kana zaman minti 30 ɗin, ka sake rubuto mini yadda ake ciki. Allah ya ba ka lafiya da natsuwa, ya sa albarka a aikin.